Dilana na Kwari ko sabon da na samu a Facebook? Ina neman shawara kafin sarin kaka

Maman Sadiya ta rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa 'yan kasuwa, shawara nake nema, musamman daga waɗanda ke sarin kaya ta waya daga Kano ba tare da sun taka kasuwar ba.

Ina zaune a wani ƙauye gefen Gujungu, cikin ƙaramar hukumar Taura. Atamfa nake sayarwa da leshi da mayafai, a cikin gida. Hotuna nake ɗorawa a sitatus, matan garinmu da na ƙauyukan kusa su zaɓa, wasu su aiko yara, wasu su shigo bayan isha'i su taɓa da hannunsu. Yawancin cinikina na lefe ne da anko, shi ya sa kasuwata ba ta buɗewa sosai sai da kaka, in an sayar da riɗi da gyaɗa kuɗi ya shigo hannun maza, sai kuma gab da sallah.

Tun da na fara, wurin mutum ɗaya nake sari, wani Alhaji a Kantin Kwari da mijin yayata ya haɗa mu. Yaronsa ne ke turo mini hotuna, in zaɓa, in tura rabin kuɗi. Su ɗaure kayan su kai tashar Yankaba, a ba direban Gumel ko na Haɗeja, shi kuma ya sauke mini a Gujungu wurin wani mai POS da muka saba, ƙanena ya je ya ɗauko a babur. Cikon kuɗin in biya bayan sati uku. Babu takarda tsakaninmu, babu shaida, sai amana.

Kuma wallahi ba zan ɓoye alherinsa ba. A daminar 2022 da ruwa ya cinye gonaki a yankinmu, waɗanda nake bi suka kasa biya, ni ma na kasa cika alkawari. A shekarar ne ruwa ya shiga Kwari ya ɓata wa mutane dukiya, har da shi. Duk da haka da na kira shi cikin jin nauyi, cewa ya yi, "Hajiya, ki bari sai Allah ya hore." Bai sake tayar da maganar ba har na biya. Lokacin ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 kuma, da tiransfa ke maƙalewa, yakan saki kayana tun alat bai shigar masa ba.

To amma yanzu harka ta canja. Shago ya bunƙasa, Alhaji ba ya zama sosai, komai ya koma hannun yara. In na zaɓi zane goma, sai biyu ko uku su zo ba su na zaɓa ba, in na yi magana a ce wancan ya ƙare, an sa mini "mai kama da shi". Wanda ya fi ƙona mini rai na wani anko ne. Turmi 12 na yi oda iri ɗaya, ruwan goro mai ganye. Da muka kwance ƙullin a tsakar gida gaban uwar amarya, takwas suka fito daidai, huɗu kuwa goron ya fi duhu, ganyen ma ya fi manya. In ka ware su ba za ka lura ba, amma da aka jera su a kan tabarma kowa ya gani. Matar nan ba ta ce mini komai ba, ta dai ɗauki takwas ɗin ta fita, kuma har yau ba ta sake sayen ko ɗankwali a wurina ba. A ƙauye irin namu magana ɗaya ta isa ta zagaye gari.

Ga kuma farashi. A faɗa mini kuɗi da safe, kafin in samu sabis in tura da yamma a ce an ƙara.

Ana cikin haka na ci karo da wani a Facebook, shi ma ya ce a Kwari yake. Yana ɗora bidiyon kaya kullum, yana da guruf a WhatsApp cike da mata. Atamfar da Alhaji ke ba ni a naira 13,500, shi 12,000 yake sa ta. Ni kuma turmi 20 nake ɗauka a oda ɗaya, kun ga naira 30,000 ke nan. Sharaɗinsa biyu: kuɗi duka kafin a ɗaure kaya, kuma in kaya sun fita ba sa dawowa.

Kaka ta matso, jarina gaba ɗaya zan zuba. Shin in koma wurin sabon? In ci gaba da haƙuri da Alhaji? In kuma zan yi masa maganar abin da yaransa ke yi, ta yaya zan yi ba tare da ya ga kamar na manta alheri ba? Allah ya saka da alheri.

Ɗan Kwari ya amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya. Ni a Kwari na tashi, na yi yaron shago kafin maigidana ya sallame ni na buɗe nawa, kuma yawancin kwastomomina irinki ne, ta waya muke ciniki. Bari in faɗa miki yadda abin yake daga ɓangarenmu.

Na farko, maganar "mai kama da shi". Dila ɗaya, wato babban ƙunshin atamfa, takan zo da zane kala-kala, kowane zane turmi kaɗan ne a ciki. Yaro ya ɗauki hoto da safe ya watsa wa mutum hamsin. Kafin kuɗinki su shigo da la'asar, 'yan sarin da suka zo da ƙafarsu daga Maraɗi ko Maiduguri sun tsince masu kyau. Yaron yana tsoron ya ce wa Alhaji ciniki ya kuɓuce, sai ya cike gurbin da abin da ya samu. Ba na kare shi, cin amana ne, amma ina da yaƙinin Alhajin naki bai san rabin abin da ake yi ba. Shi lissafin kuɗi yake gani, ba ya ganin abin da aka ƙulle. Saboda haka faɗa masa ba rashin kunya ba ne, taimakonsa kika yi. Ni da za a riƙa yi wa kwastomata haka a shagona a kuma ɓoye mini, sai na fi jin haushin ɓoyewar.

Yadda za ki yi: kada ki kira shi da azahar lokacin da kasuwa ta cika, kada kuma ki yi maganar a guruf. Ki tura masa saƙon murya bayan magariba. Ki fara da gaisuwa da godiya, sannan ki tura hoton abin da kika zaɓa da hoton abin da ya zo, gefe da gefe. Kada ki ce "yaronka ya cuce ni". Ki ce kin rasa kwastoma a kan haka, kina so a samo hanyar da ba za a maimaita ba. Sannan ki nemi abubuwan nan: kafin a ɗaure kaya a yi miki bidiyo ana ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, in wani ya ƙare a tambaye ki kafin a musanya, na anko kuma a ciro su daga dila ɗaya, don ko zane ɗaya ne, in bugu ya bambanta kala takan bambanta. Wannan shi ne abin da ya faru da ruwan goronki.

Farashi kuwa, mafi yawan atamfar da ke Kwari daga Chana take zuwa, da dala ake sayo ta. Tun da aka saki naira a 2023, aka bar kasuwa ta riƙa yanke darajarta, har dala ta haura naira 1,500 a 2024, mai shago ya koyi sayarwa da farashin da zai mayar da kaya, ba wanda ya sayo ba. Amma a ce safe daban yamma daban, wannan ana iya gyarawa. Ki ce a riƙe miki farashi da kaya zuwa wani lokaci sananne, misali zuwa azahar ɗin gobe, tunda an san matsalar sabis a wajenku. Wanda ya saba da ke ba zai ƙi ba.

Yanzu sabon naki. Hajiya, ribar da muke ci a turmi ɗaya a sari ba ta kai yadda mutane ke zato ba. In kika ga ratar 1,500 a kaya iri ɗaya, cikin kasuwa ɗaya, to ki tsaya ki bincika. Ko dai shi ne mai shigo da kayan da kansa, ko tsohon zane ne da ya yi kwantai yake son rabuwa da shi, ko mai biye da ita ce aka manna mata takardar gangariya, ko yadin bai cika shida ba. Ko kuma ba shi da shago kwata-kwata, bidiyon wani yake ɗauka. Duk akwai su. Ki tambaye shi gidan da yake da lambar shago, ki tura mijin yayarki ya je ba tare da an sanar da shi ba. Ki duba sunan da ke fitowa a akawun ɗin da ya ba ki, in ya bambanta da sunansa ko na shagon, ko kuma kullum sabuwar lamba yake bayarwa, ki ja da baya. Ki kira shi ta bidiyo ki ce ya ɗaga miki turmin da kika nuna, ya juya bakin zanen ki karanta rubutun.

Amma a nawa ganin, da tsohuwar zuma ake magani. Mutumin da ya ɗaga miki ƙafa a shekarar da shi ma yake cikin asara, ba a samunsa a guruf.

Uwar Biyu Dambatta ta amsa:

'Yar'uwa, na karanta bayanin Ɗan Kwari, akwai gaskiya a ciki, amma kar ki manta shi mai shago ne, ta tagar shago yake kallon abin. Ni kuma daga inda kike nake magana. Kayan kicin da na roba nake sarowa daga Kofar Wambai da Sabon Gari, ni ma ta waya.

Ki ɗauki biro ki yi lissafin nan. Turmi 20 a 13,500 ya kama 270,000. Kina biyan 135,000, ana bin ki 135,000 na sati uku. In har kayan sabon iri ɗaya ne da gaske, to 30,000 kike biya a kan a jira ki sati uku. A shekara sau nawa kike oda? Ki tara ki gani. Alheri alheri ne, ban ce ki manta ba, amma kin biya bashin 2022 har ƙwandala, kuma tun daga nan kina kai masa ciniki. Ba sadaka yake ba ki ba.

Abin da na gani a harkar nan shi ne, duk ranar da dila ya san ba ki da wani wurin zuwa, ranar ce yaransa za su fara zuba miki ragowar kaya. Ba mugunta ba ce, haka kasuwa take: mai tsabar kuɗi a hannu shi ke zaɓe, mai bashi ya karɓi abin da aka ba shi. Ni ma haka wani ya riƙa yi mini. Kuloli ya turo mini, murafen biyu a fashe, da na yi magana ya ce a mota suka fashe, alhali kwalin ko lotsawa bai yi ba. Na san da tsabar kuɗi na saya a gabansa ba zai yi mini haka ba. Daga nan na shiga adashi na tara abin da zan riƙa biya gaba ɗaya, na kuma nemi mutum na biyu. Yanzu duk wanda zan saya wurinsa ya san ina da farashin ɗayan a hannuna. Ban yi faɗa da kowa ba, har gobe muna gaisawa, amma yadda ake ɗaure mini kaya ya canja.

Shawarata: kar ki bar Alhaji, kar kuma ki zuba jarinki duka wurin wanda ba ki sani ba a lokacin kaka. Ki gwada sabon da turmi uku ko huɗu, kuɗin da in sun tafi ba za ki kwanta ciwo ba. In sun zo ki auna da tef. Ki jiƙa farin ƙyalle ki goga a gefe ki ga ko tana zuba. Ki zare zare kaɗan daga bakin ki kusanta shi da ashana: na auduga yana ci ya zama toka mai laushi, yana warin takardar da aka ƙona, na roba kuwa narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri. Ki yi wa ta Alhaji haka ita ma, ki kwatanta.

Ki kuma sani 'yan damfara sun iya wannan wasan. Ƙaramar oda ta farko za su kawo lafiya ƙalau, har da kyautar ɗankwali, sai kin saki jiki kin tura babba su toshe ki. Don haka zuwan kayan gwaji bai wadatar ba, sai an ga shago da ido kamar yadda Ɗan Kwari ya ce. Kuma kada yabon da ake zubawa a guruf ya ruɗe ki, ba ki san su waye masu yabon ba. Ki nemi mace ɗaya da kika sani da gaske wadda ta taɓa samun matsala da kayansa, ki ji yadda suka ƙare.

Sannan ki tambayi Alhaji kai tsaye: in zan biya duka nan take, nawa za ka bar mini? Za ki sha mamaki. Da yawa suna da farashi biyu, ba sa faɗa sai an tambaya.

Malam Na Ringim ya amsa:

Assalamu alaikum. Ni ba ɗan kasuwa ba ne sosai, ina koyarwa a islamiyya, amma irin waɗannan rigingimu suna yawan zuwa gabanmu a sasanta, shi ya sa zan sa baki.

Baiwar Allah, kin ce babu takarda tsakaninku sai amana, kamar rubutu zai rage amanar. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. In kika nemi a rubuta, umarnin Allah kika bi, babu wanda zai ce kin zarge shi. Yanzu ma abin ya zo da sauƙi. Bayan kun gama magana ta murya, ki rubuta saƙo ɗaya: turmi kaza, zane kaza ga hotuna, kuɗi kaza, na biya kaza, saura kaza zuwa ranar kaza. Ya amsa da "haka ne". Ki kuma kwafe a littafi, don waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta.

Sayen abin da ba ki gani ba bisa siffantawa ya halatta. Malamanmu na Malikiyya sun yi bayaninsa tun da daɗewa, har a Risala an ambaci sayen kayan da ke ƙunshe cikin dila bisa takardar da ta siffanta abin da ke ciki. Sharaɗin shi ne kaya su zo yadda aka siffanta. In suka saɓa, ko aka sami aibin da aka ɓoye, mai saye yana da haƙƙin mayarwa. Saboda haka turmi huɗun nan da suka zo ba yadda kika zaɓa ba, haƙƙinki ne a karɓe su, ba alfarma ba ce. Wannan ne ma ya sa sharaɗin sabon bai kwanta mini ba. Mutum ya karɓi kuɗinki duka, ba ki ga kaya ba, sannan ya ce ko me ya zo ba ya dawowa? In yana nufin ba a fasa ciniki don an canja ra'ayi, da sauƙi. In kuwa har da kayan da suka saɓa wa hoto, to ki sa ya fayyace a rubuce kafin ki tura ko sisi.

Game da lissafin Uwar Biyu, kada wani ya ɗauka ƙarin da ake yi saboda jinkiri riba ce ta haram. Jumhurun malamai sun halatta farashin ajali ya fi na hannu, matuƙar an tsaya a kan farashi ɗaya lokacin ƙulla ciniki, kuma ba a ƙara komai in an makara biya.

Abu na ƙarshe ya shafe ki ke da masu sayenki. Akwai hani a hadisi game da sayar da abin da ba ya hannunka. In kin ɗora hoton kayan da ke Kwari, ki gaya wa mata cewa oda za ki yi, ba a ɗakinki suke ba, kuma in bai samu ba kuɗinsu na nan. Hakan zai kare addininki, ya kare mutuncinki.

Direban Gumel ya amsa:

Hajiya ni saƙo nake ɗauka a wannan hanyar, Yankaba zuwa Gumel. Abu biyu zan ce. Ki daina bari a ba duk motar da ta cika. Ki riƙe direba ɗaya ko biyu da kika sani, ki ba yaron shagon lambarsu. In ƙulli ya ɓata a hannun wanda ba ki sani ba, mai shago zai ce ya bayar, ke ki ce ba ki gani ba, a rasa na kamawa. A rubuta saƙon a ofishin 'yan kamasho, a ɗauki hoton ƙullin da lambar mota a turo miki. A sa leda a ciki kafin buhu, ko da rani ne, don wani lokaci da jarkar manja ko ta fetur ake haɗa kaya a but.

Na biyu, ki guji ranar Lahadi. Ranar kasuwar Gujungu ce, cunkoso ya yi yawa, direba ba ya samun wurin tsayawa ya nemi mai POS ɗinki, a nan ake sauke kayan wani a ba wani. Kuɗin saƙo kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 ba ya zama wuri ɗaya, gara ki haɗa oda ta yi kauri da ki riƙa yi kaɗan-kaɗan kina biyan mota kowane sati.

Maman Sadiya ta dawo:

Na gode ƙwarai, Allah ya biya ku. Na ɗan yi shiru ne don ina so in aikata kafin in dawo.

Na yi wa Alhaji saƙon murya da daddare kamar yadda Ɗan Kwari ya ce, na haɗa da hotunan ankon. Da safe shi da kansa ya kira. Ya ce wallahi bai sani ba, kuma na ji a muryarsa ransa ya ɓaci. Ya ce in mayar da huɗun, ya kuma haɗa ni da wani yaron daban wanda zai riƙa kula da odata. Yaron ya yi mini bidiyo jiya yana ɗaga turamen ɗaya-ɗaya yana faɗin lamba, har da juya bakin zanen. Maganar riƙe farashi zuwa washegari ma ya amince.

Yaya Uwar Biyu, tambayarki na yi masa, gabana yana faɗuwa. Bai ji haushi ba ko kaɗan. Ya ce in zan biya duka zai bar mini a 12,800. Kin ga ratar ta dawo 800 ke nan tsakaninsa da sabon. Ba zan iya biyan duka a kowace oda ba, musamman yanzu da mata ke karɓa sai an sayar da amfanin gona, amma mun tsaya a kan cewa duk odar da na biya nan take farashinta daban, wadda na ɗauka zuwa sati uku farashinta daban, kuma kowacce za a rubuta kamar yadda Malam ya koya mini. Na sayi littafi na musamman saboda wannan.

Sai dai a wuri ɗaya ban bi ki ba, Yaya. Kin ce na biya bashin 2022 har ƙwandala, haka ne. Amma ni a ƙauye nake, ba ni da banki da zai ba ni rance in damina ta ƙi, masu sayena manoma ne, shekara ba ta zuwa musu iri ɗaya. Wanda zai jira ni a muguwar shekara yana cikin jarina, ko da ba a rubuce yake a littafi ba, kuma ina ganin ya cancanci in bar masa wani abu a kyakkyawar shekara. Don haka kaso mafi yawa na sarin kaka wurinsa zai tafi, duk kayan anko da na lefe kuma wurinsa kaɗai, tunda su ne ba sa jure kuskure.

Sabon kuma mijin yayata ya je. Akwai shi da gaske, amma ba shago gare shi ba, tebur ne a bakin wani gida, in an yi oda sai ya shiga ya karɓo wurin masu shaguna. Ban ɗauki hakan laifi ba, kowa da inda ya fara. Sunan akawun ɗinsa ya dace da nasa. Na sayi turmi uku na gwaji. Yadi ya cika, ba ta zuba, amma da na sa ashana zaren ya ɗan dunƙule, ta Alhaji kuwa toka ta zama. Ashe ba iri ɗaya ba ce, duk da zanen ɗaya ne. Tana da masu sonta a nan, masu neman na yau da kullum mai sauƙin kuɗi, zan riƙa ɗaukar kaɗan in sayar da ita a matsayinta, in faɗa wa mai saye gaskiyar abin da take. Na nemi ya rubuta mini cewa in kaya suka saɓa wa hoto zai karɓa, ya ce zai yi tunani. Har sai ya rubuta, ba zan wuce turmi biyar a wurinsa ba.

Tambaya ɗaya ta rage mini. Huɗun da zan mayar wa Alhaji, wa ya kamata ya biya kuɗin motarsu? Na ji nauyin tambayarsa bayan duk abin da ya yi.

Ɗan Kwari ya amsa:

Shago ne zai biya Hajiya, tunda kuskuren daga shago ya fito. In da ke kika canja ra'ayi, ke za ki biya. Ba sai kin kira Alhaji a kan wannan ba. Ki biya direba, ki tura wa sabon yaron hoton ƙullin da adadin abin da kika biya, ki ce a cire a cikon da ake bin ki, ki rubuta a littafinki. Ki kuma sa turamen cikin ledarsu ta asali da takardarsu a jiki, don in takardar ta ɓalle ba za su iya sayar da su a farashin sabo ba.